Ranar da Majigin Baban Hanif Ya Tona Asiri

Pantai Dalam

Ana sallame sallar asuba muka fito, ni da maigidana Baban Hanif. Ya rungume akwatin majiginsa kamar jariri, ni kuma na goya jaririn gaske. Tun zuwanmu Malesiya yake fama da wani ɗan gilashi mai ruwa a ciki, bai fi farcen babban yatsa ba, wanda ke haska hoto a bango garau. Yau masu kamfanin buga yadi za su gani. In sun yaba, farfesansa ya sa hannu mu koma Kano. In sun kushe, sai wata shekarar, kuma ni na gaji da kewar gida.

Brickfields

Jirgin ƙasa ya sauke mu, muka shiga shagon wani Ba'indiye karyawa. Mai shagon ya dubi akwatin ya ce, "Makan dulu, lah," wato a fara cin abinci. Baban Hanif ko shayi bai taɓa ba, wai kada tururi ya shiga na'ura. Na cinye gurasata na haɗa da tasa.

Bukit Bintang

Da hantsi wani jirgin ƙasa mai bi ta saman gada ya kai mu otel ɗin da farfesa da masu kamfanin ke jiranmu. Shugabar kamfanin, wata dattijuwa 'yar Sin, ta ce ba ta son hotunan da aka shirya, a ɗauki hoton zanen jikina a haska. Na gyara tsayuwa, don atamfar lefena ce, wadda Baban Hanif ya rantse 'yar Holan ce.

Zanena ya cika bango, zare ɗaya-ɗaya. Matar ta matsa tana nunawa. "Ga inda launi ya zarce layi, ga inda bugu ya goce. Wannan kwaikwayo ne, mai araha. Na'urarka ba ta ɓoye komai."

Farfesa ya yi ta murmushi. Angon nawa kuwa sai kallon silin.

Gida

Mun iso kafin magariba, an sa hannu. Na gode wa Allah har da hawaye, Kano ta tabbata. Sannan na ninke zanen na ajiye masa a cinya.

"Baban Hanif, 'yar Holan?"

Ya daɗe yana shafa gemu. "Maman Hanif, ai da na sayi ta gaske, da yanzu muna nan sai baɗi."