Matar da Ta Raba Mana Saye da Biya

Kafin a buɗe ƙofar banki ta riga ta goge teburinta, ta jawo kujerun baƙi ta ajiye a gefenta maimakon gabanta. Teburin tambaya ne, can lungu kusa da injin kwafi, inda ake tura duk wanda ya shigo da takarda a hannu, rai a ɓace. Abokan aikinta Anti Sannu-sannu suke kiranta, don ko kana huci ba za ta yi sauri ba. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa na ce ba za ta tafi shiru ba.

Mahaifiyata tela ce, da katin bashi take sayen yadi da zare. Duk wata takan ba ƙaninta, Kawu, kuɗin abin da ta saya ya je ya biya, don ita ba ta shiri da layi. Da takardar bayanin shekara ta iso, Mama ta ga jimlar abin da aka saya ta fi jimlar abin da aka biya, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Da ma faɗa ta yi masa, da ya fi sauƙi. Sai ta koma amsa gaisuwarsa a ciki-ciki, ta karɓe mukullin shago wai za ta yanka wani. Kawu ya gane, ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Abin ya tsaya mini a rai, na lallaɓa su muka je banki.

Mama ta dangwara takardar a tebur. "Baiwar Allah, duba mini. Ban taɓa rage masa komai ba, to ina sauran ya shiga?"

Anti ta ɗora tafinta ta rufe jimlolin nan biyu. "Hajiya, a watan ƙarshe na shekara me kika saya?"

"Yadin kayan makaranta. Babban aiki na samu."

"Yaushe kika ba Malam kuɗinsa?"

"Sai da aka sallame ni, bayan sabuwar shekara ta kama."

"To, kin gani. Sayen ya faɗa takardar bara, biyan kuma zai fito a ta bana. Layin saye daban, layin biya daban, ba dole ba ne su zo daidai a takarda ɗaya." Ta juyo mana da kwamfuta, ga kuɗin nan Kawu ya zuba cif.

Ni dai ajiyar zuciyar da na yi har na bayanmu sun ji. Kawu ya gyara hula ya ce, "Yaya, ashe dai ban gina bene da kuɗin zare ba."

"Rufe mini baki," in ji Mama, idonta ya kawo ruwa.

Anti ta miƙe wai za ta kwafo mana takardar da ba wanda ya nema, ta daɗe a gaban injin ta juya mana baya. Mai gadin ƙofa ya ce mini haka take yi. Ya sha ganin mata da miji sun shigo kowa na kallon gefe, su fita suna gardamar wa zai biya kuɗin mota.

Anti, ke ce mai kwantar da hankali. Ba ki ce Mama ta yi kuskure ba, tambaya kika yi ta yi har ta gano da kanta, kika bar mata girmanta a gaban ƙaninta. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya, ya saka miki da alheri.

Ku da za ku gaji kujerarta, ku sani wanda ya miƙo muku takarda sau da yawa ba lissafi kaɗai ya kawo shi ba. Ku ba shi lokaci. A ƙofar banki na ji Mama ta kira Kawu da sunansa na yarinta, wanda rabon da ta faɗe shi tun kakarmu na da rai.