Gefen Gonar da Tsoho Yake Bari

Jiya na ji ƙanshin sabon gero, sai na tuna tsohon nan Kirista da ya zauna cikinmu a Gagarawa. In yana girbi, yakan bar gefen gona a tsaye. Ranar da ya tarar da ni ina kala da marayuna, na sunkuyar da kai. Ya cika mini zani da zangarniya, ya ce, "Ɗebi, 'yata. Ƙasa ta Ubangiji ce, aro ya ba ni."

Da ya rasu, wani dillalin gyaɗa ya ƙwace gonar, ya kore mu da bulala. A damunar da ta biyo baya yunwa ta kashe autana.

Allah ya saka wa tsoho da alheri. Dillali kuwa, ban yafe ba. Allah ya kai shi kala, ya tarar an share gonar tas.