Baba Me-Ya-Canza da Kwamfutar Teburin Rajista

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitin, Baba Me-Ya-Canza ya iso. Zai rataye jakarsa a ƙusar bayan ƙofa, cikin ɗan ɗakin nan na ƙarƙashin bene mai cike da wayoyi da matattun firintoci, ya goge tabarau da bakin riga, sannan ya fara zagaye. Ofis-ofis yake leƙawa yayin da ma'aikata ke kunna kwamfutocinsu, yana kasa kunne ya ji yadda kowacce ta tashi, kamar uba mai duba 'ya'ya da safe. Ƙarshen watan nan zai ajiye aikin da ya shiga da baƙin gashi ya fito da furfura. Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin ba ya so.

Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ka je masa a fusace ka ce kwamfutarka ta lalace, ba zai taɓa ta ba sai ya tambaye ka, "To, me ya canza?" In ka ce babu, ya yi murmushi ya ce ruwa ba ya tsami banza. Son saninsa har haushi yake ba mutum. Babbar nas ta taɓa cewa ko ciwon kai ka kai masa, sai ya tambayi filon da ka kwana a kai.

Waɗanda suka ga abin da ya faru bara sun daina yi masa wannan ba'ar. A lokacin aka sabunta babbar manhajar kwamfutocin asibitin. Duk suka ɗan yi nauyi suka warware, ban da ta teburin rajista. Kullum safiya sai ta tsaya tana juya ɗige-ɗige a allo, layin marasa lafiya yana tsawo har bakin ƙofa. Mai zaman teburin kuwa sabuwar ma'aikaciya ce, uwar yara biyu, ba a ma tabbatar da ita a aiki ba. Manaja ya ce wadda ta riga ta ba ta taɓa samun wannan matsala ba, don haka ko dai ta saka wani abu a ciki, ko aikin ya fi ƙarfinta. In mako ya ƙare a haka, zai sallame ta.

Baba ya jawo kujera. Ya kashe tarkacen manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar, waɗanda sabuntawar ta farfaɗo da su. Ya zare firinta da filas ɗin adana bayanai, ya duba ko ma'ajiyar ta cika, ya tarar da sarari. Da rana ya kashe ta ya kunna, ta tashi garau. Washegari da safe ta koma gidan jiya.

Da wani ne da ya ji haushi, amma shi idonsa har ƙyalli yake. Manaja ya ce a goge komai a sake zubawa a huta.

"Yallaɓai, in muka goge ba mu san dalili ba, ciwon zai dawo ya same mu," in ji Baba. "Abin da ke ba ni mamaki, da rana lafiyarta ƙalau. Ke nan da abin take kwana."

Ran nan da aka tashi aiki bai ɗauki jakarsa ba. Ya zo ya zauna a bencin marasa lafiya ya ce, "'Yata, rufe kamar yadda kika saba, ki ɗauka ba na nan."

Ta danna wurin kashewa. Nan take ta latsa maɓallin allon ya yi baƙi, ta lulluɓe shi da ƙyalle, ta sunkuya za ta kashe soket ɗin bango.

"Dakata," ya ce. Ya ɗage ƙyallen ya kunna allon. Ga rubutu ɓaro-ɓaro: ana ƙarasa sabuntawa, kada a kashe.

Ta dafe ƙirji. "Wallahi Baba ban taɓa ganin wannan ba."

"Ina za ki gani, kin rufe mata baki kafin ta yi magana? Wa ya ce ki riƙa kashe soket?"

"Yallaɓai ne, ranar da aka ɗauke ni. Ya ce kar in kuskura in bar komai a kunne, saboda gobara."

Baba ya yi dariya har ya cire tabarau. Ashe kullum yamma kwamfutar na tsakiyar aiki ake yanke mata wuta, da safe ta ɓata lokaci tana warware abin da ta fara, da yamma ta sake ɗaukowa daga farko. Sauran ofisoshin sun tsira ne don babu mai bin dokar. Suka zauna suna kallon allon har ya mutu da kansa, motar da take bi ta tafi ta bar ta. Da safe, kafin ta gama ajiye jaka kwamfutar ta tashi.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda ya kai maganar ofishin manaja. "Yallaɓai, dokarka mai kyau ce, kuma duk ginin nan mutum ɗaya ke bin ta. Saura mu ƙara mata 'yar wutsiya: a jira kwamfuta ta mutu tukuna." Manaja ya sosa ƙeya, ya ce a kira masa mai rajistar. A makon aka tabbatar da ita a aiki.

Baba, kai ne ba ka yanke hukunci da ka. Kai ne ka ɗauki tambaya ta zama maka sukudireba, kake kwance matsala da ita a hankali ba tare da ka fasa komai ba. Mun san ka gyara na'urori ba iyaka, amma ba mu san yawan mutanen da ka wanke ba, domin ba ka taɓa zuwa ka faɗa ba. Za mu yi kewarka, har da tambayoyin da suke sa mu tsaki.

Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa hutun ya zo da lafiya. Ku kuma masu shigowa wannan sana'a, da masu riƙe da wuƙa da nama a wuraren aiki, ku yi koyi da shi, ku bincika kafin ku ɗora wa mutum laifi. Da muka ce wa mai rajistar ta faɗi wani abu a kansa, ga abin da ta faɗa.

"Kowa ya zo teburin nan ya tambaye ni abin da na ɓata," ta ce. "Baba kaɗai ya ce in nuna masa yadda nake yi. Da bai zauna ba ran nan, da na koma gida na gaya wa 'ya'yana an kore ni, kuma da har yau ina ganin laifina ne."