Turamen Jikata

Ranar da masu duba haƙora suka zo makarantar firamaren ƙauyenmu, kusa da Gozaki, ga waɗanda ke ƙarƙashin itacen dalbejiyar makarantar: ni, da jikata 'yar shekara bakwai, da ubanta wanda ya taso daga gonar masara da taɓo a ƙafa, da Hajiya uwar uban, sai ma'aikaciyar da ta zo daga Malumfashi da 'yar fitila mai shuɗin haske. Uwar yarinyar ce kaɗai ba ta nan. Ita ce 'yata ta fari, kuma haƙori ne ajalinta.

Ban yi boko ba, amma Allah ya ba ni ido. Na tsaya na kalli yadda ake yi wa 'ya'yan mutane. A wanke turame, haƙoran nan na ciki da ake tauna da su, a busar, a shafa wani farin abu cikin 'yan kwaruruwan da ke samansu, a haska fitila, ya daskare. Ba allura, ba jini. Ma'aikaciyar ta ce a nan alawa da tuwo ke maƙalewa, asuwaki ba ya kaiwa, daga nan ruɓa ke farawa.

Da aka zo kan jikata ta hau benci ta wangale baki tun kafin a ce mata. Sai Hajiya ta miƙe.

"Ke 'yar nan, janye hannunki. Za ki liƙe sama ki bar tsutsa a ciki? Mu ko rumbu ba ma yaɓe shi sai mun tabbata ba ƙwari."

Ma'aikaciyar ta yi murmushi. "Hajiya, ai haƙori ba ya tsutsa. Kuma wanda ya riga ya yi rami ba ma liƙe shi, asibiti muke turawa. Nata lafiya lau suke, yanzu suka fito, yanzu ne lokacinsu."

"Ba ya tsutsa? Yaushe aka haife ki? Da idona na ga an fitar da ita daga bakin uwar yarinyar nan, fara fat a cikin kwano."

Na san kwanon da take nufi. Lokacin kaka ne, ana ɓarar masara, turmin 'yata ya hana ta barci. Hajiya da ɗanta suka kai ta kasuwar Maska wajen mai cire tsutsa. Ya zuba wasu 'ya'yan ganye a garwashi, ta shaƙi hayaƙin da baki, ya nuna musu abin da ya faɗo cikin ruwa, aka yi hamdala aka koma gida. Kafin labari ya iso ni, kumatunta ya kumbura har wuya, ko koko ba ya wucewa. A asibitin Malumfashi likita ya ce mugunya ta riga ta shiga jini. Na zauna gefen gadonta. 'Yar fari ce, tunda na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, haka muka tashi muka tarar. Ran nan ma ban kira ba. Ƙafarta na riƙe har ta yi sanyi.

A ƙarƙashin dalbejiyar na dubi surukina. Ya sunkuyar da kai yana kankare taɓo da ɗan yatsan ƙafa.

"Inna, ki yi haƙuri. Abin da Hajiya ta ce."

Ɗa na gidan ubansa ne, kakar wajen uwa ba ta da ta cewa a gaban jama'a. Yarinyar tana nan kan benci da baki buɗe, kuma turamen nan sak na uwarta, har zurfin kwarin.

"Kaka, ni ba za a haska mini fitilar ba?"

"Rufe bakinki kada ƙuda ya shiga," na ce.

Da suna haɗa kaya, ma'aikaciyar ta matso ta ce mini a hankali, "Mama, a asibiti ma ana yi. Kada dai a bari ya yi rami."

Washegari da hantsi na yafa gyale na tafi gidan surukina, inda ban sake takawa ba tun sadakar arba'in. Ban aika a kira shi ba, na yi sallama na shiga. Na tarar yana wasa lauje, Hajiya na tankaɗe a bakin ɗaki. Na tsaya tsakar gida na kira sunan 'yata, da ƙarfi, yadda ladan ke kiran salla. Bakina ya ji shi baƙo. Rariya ta tsaya a hannun Hajiya.

Na ce, "Wannan kun kai ta wajen mai hayaƙi, ban ce komai ba. 'Yarta zan kai Malumfashi."

Surukina ya aje laujen. Ya ce, "Ku je, Inna."

Na ɗaura wa yarinyar ɗankwali, na goge mata koko a gefen baki, na kama hannunta muka nufi bakin titi jiran mota.