Shekaru Goman da Na Yanke a Kotu

Edita, ni haifaffiyar Agege ta Legas ce, jikar mahauta, kuma shekarata arba'in da huɗu lokacin da abin nan ya faru. Ban taɓa zama a aji ba sai da na yaye ɗana na uku. Da safe in sayar da tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12, da yamma in shiga danfo, motar haya, zuwa ajin yaƙi da jahilci. A haka na lallaɓa, ana ce mini 'yar boko da tsufa, har na riƙe digiri a hannuna.

Sai wata cibiyar bincike ta yi tallar neman mataimakin mai bincike da ke jin Hausa da Yarbanci, wanda zai riƙa shiga kasuwa yana tattara bayani kan yadda kayan gwari ke lalacewa kafin su isa hannun mai saye. Kai ka ce da ni aka auna aikin. Na san direbobi, na san 'yan dako, kwandon da ya kwana uku a hanya kuwa daga wari nake gane shi. Amma can ƙasan tallar aka rubuta kada mai nema ya wuce shekara talatin da biyar. Har gobe in na tuna raina ɓaci yake. Matar da ta fara riƙe fensir da goyo a baya, yaushe ake so ta gama?

Ƙanin mijina ya ce in daina huci, kowa yanke shekarunsa yake yi, ogansa ma a takarda ya kusa zama sa'an ɗansa. Na biye masa. Na je kotu na yi takardar rantsuwar shekaru, na zubar da goma, na sa hannu ko gezau.

Ranar ganawa na amsa tambayoyinsu har suna gyaɗa kai suna rubutawa. Shugabarsu, wata farfesa mai furfura, tana ta juya fom ɗina, sai ta tsaya a gurbin 'ya'ya, inda na rubuta 'yata ta fari, nas, shekara ashirin da biyar. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Madam, kina shekara tara kika haife ta?"

Ta gaya mini tun kafin in shigo sun samu izinin ɗaga ƙa'idar shekarun, don yaran da suka nema ba wanda ya san kasuwa. Amma aikinsu duk na alƙaluma ne, wadda ta taɓa na shekarunta ba za su damƙa mata nasu ba. Na ce mata to me ya hana su rubuta haka a tallar? Su suka toshe ƙofa, sannan su hukunta wadda ta haura katanga? Ta ce ina da gaskiya. Aikin dai wani aka ba.

Ƙa'idar nan zalunci ce, ba zan fasa faɗa ba. Amma hannuna ne ya sa hannu, ba nasu ba. 'Yan'uwana da kuka yi karatu da girma, ku nemi aiki da shekarunku na gaskiya, ku haɗa da wasiƙa ku faɗi dalili, in ta kama ku yi rigima. In sun ƙi ku, laifin nasu ne. Ni ko wannan ban samu ba.