Magaryar Inna

Mun isa tashar motar Madawa ana idar da sallar asuba, ni da ƙanwata. Kwana biyu kafin nan yayanmu ya kira ni daga ƙauye, kusa da Tamaske, ya ce magaryar da Inna ta dasa a bayan gida ta mutu. Wani farin abu ya lulluɓe ta, ganye ya ƙare. Ya ce ran Alhamis zai sare ta a yi girkin sadakar arba'in ta rasuwar Inna da itacen. Ranar da muka tashi Laraba ce.

Motar ba ta cika ba sai da rana ta ɗaga. Na sauka na hau ya fi sau biyar. Ƙanwata ta sayi kilishi, ta ce ya yi tsada har ta ji kunyar tayawa, ni kuwa ban iya ci ba. An loda mana buhunan albasa a ƙarƙashin ƙafa, kowa ya yi hawaye ba tare da an tambaye shi dalili ba. Wannan ya yi mini daɗi.

Hanyar Buza ta sha ruwan farkon damina. A wani kwari kafin gari mun tarar da kamiyo, babbar motar kaya, ya kafe, muka tsaya fiye da awa. Manoma suna ta shuka a gefen tudu, mata na bin su da ƙwarya. Na kira yaya sau uku, babu rezo, waya ba ta shiga. A Keita muka bar motar muka hau kabu-kabu biyu. Mai ɗauke da ni ya ce in daina leƙa gaba, ba ni ke tuƙi ba.

Da la'asar muka isa. Ban shiga gida ba, na zaga baya. Magaryar tana nan tsaye, amma tsirara. A kowace mararrabar reshe akwai farar saƙa mai kauri, cikinta gizaka baƙaƙe sun cure wuri ɗaya. Wasu suna saukowa a jere, ɗaya na bin ɗaya. Gatari yana jingine a gindinta.

Yaya ya ce da ganyenta aka yi wa gawar Inna wanka, kuma tun daga nan magaryar ba ta sake lafiya ba. Mutanen unguwa sun ce ta sa likkafani ne, ta bi mai ita. Ni ma da na gan ta, sai na ga kamar haka ne.

Gwaggo ce ta fito, ƙawar Inna, wadda suka yi dashen itatuwa tare a shekarun da maza suka tafi cirani. Ta daɗe tana kallon rassan. Ta ce ta san wannan tsutsa. Wani malam-buɗe-littafi ne mai ruwan ƙasa yake zuba ƙwai a jikin reshe, su kwana a nan duk rani. In sabon ganye ya fito sai su ƙyanƙyashe, su saƙa ɗaki ɗaya su zauna tare, su fita kiwo su komo. In sun ƙoshi sai su watse, kowace ta naɗe kanta, ta fito da fiffike. Waɗannan da ke saukowa, in ji ta, sun gama ci ke nan.

Ta kankare ɓawon da farce. Ciki kore ne, da danshi.

Ta ce wa yaya, "Ɗiyana, iccen ga bai mutu ba, yunwar wasu ce ta hau shi. Ka ba shi sati ukku."

Ya ce, "Gwaggo, to da mi za a yi girki?"

Ta ce, "Da abin da uwarka ta yi shekara arba'in tana yi. Kara bai ƙare ba."

Yaya ya duba inda ta kankare. Daga baya ya ɗauki gatarin ya shiga da shi gida. Da kara aka dafa sadakar.

Ran Asabar muka komo Madawa. A hanya na yi ta tunanin abin da ban faɗa wa kowa ba. Lokacin da aka ce Inna ba ta da lafiya, na ce sai ƙarshen wata, in aiki ya yi sauƙi. Ban same ta ba, ban samu jana'iza ba. Ga shi saboda itace na baro komai cikin kwana biyu. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: ashe hanyar ba ta taɓa yin nisa ba.

Allah Ya ji ƙan Inna.