Hayaƙin da Buba Bai Gama Aunawa Ba

Shekara uku ke nan da rasuwar ƙanena Buba, har yau kuma ban gane aikin da ya bari ba. Malamin makaranta ne a nan Mubi. Duk hutu sai ya hau mota zuwa Yola, ya zauna bakin filin jirgi da littafi, yana rubuta jirgi nawa ya tashi, mutum nawa ya ɗauka. Wai daga man da jirgi ya sha ake gane hayaƙin da ya bari a sama, a raba wa fasinjoji, kowa ya san rabonsa.

Na ce masa, "Mutane na neman taki, kai kana auna hayaƙi? Da wane mudu?" Ya yi dariya ya ce, "Adda, ruwan da ke makara a gonarki ta Mugulbu, da hannun hayaƙin nan a ciki." Ban yarda ba, ban kuma ƙaryata ba. Murhuna kullum hayaƙi yake, ba wanda ya zo ya rubuta.

Da aka shigo garin nan da bindigogi muka gudu, a hanyar daji ciwon ƙirji ya kayar da Buba. Can aka binne shi. Da muka dawo na tarar da littattafansa, sai na shiga yaƙi da jahilci da furfurata don in karanta. Haruffan sun buɗe mini, lissafin ya ƙi. Da yana nan da na tambaye shi: jiragen soja da suka yi ta shawagi a kanmu, wa za a raba wa hayaƙinsu? Mu da ke ƙasa muna gudu?

To bana 'ya'yana sun biya mini kujerar Makka, kuma daga filin nan na Yola zan tashi. Tun da aka gaya mini hankalina bai kwanta ba. Liman ya ce ba laifi. Malamar ajinmu ta ce in shuka bishiya. Na ce nawa? Ta ce ba ta sani ba. Na dasa mangwaro a bakin gona, ban san ko sun isa ba, ko ma akwai ruwan mangwaro da jirgi.

Zan tafi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma Buba, mutumin da bai taɓa taka jirgi ba, ya hana ni jin daɗin kujerata, abin da ya rage mini nasa ke nan. A Arfa zan yi masa addu'a, bayan na gama yi masa faɗa.